Iyali a Houston, aiki a Memphis

Tambaya: Malam, na samu aikin tuƙa jirgin dakon kaya a Memphis, iyalina kuma suna Houston. Mu tashi ne, ko in riƙa zuwa ina dawowa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Jiragen kaya a Memphis galibi da dare suke tashi, saboda haka barci shi ne jarinka. Wajen zuwa da dawowa, kujerar kyauta ta ɗakin tuƙi tana taimakawa, amma wani na iya riga ka; kullum ka tanadi jirgi na biyu. Ka isa tun da rana, ku haɗa kuɗi da abokan aiki ku kama ɗaki kusa da filin jirgi. Kada ka kama aiki a gajiye. Sabon ɗauka yakan daɗe yana jiran kira, a wannan lokacin, zama kusa ya fi sauƙi. Ka shawarci uwargida kafin ka yanke hukunci.