Kayan Shigar Zaki Na Makarantu Da Ƙungiyoyin Wasanni: Yadda Ake Saye Da Adanawa

A 'yan shekarun nan makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin wasanni suna kashe kuɗi wajen sayen kayan shigar dabbobi, waɗanda mutum ke sanyawa daga kai har ƙafa domin ya zama alamar ƙungiya a ranar gasa. A cikin dabbobin da ake zaɓa, zaki na sahun gaba. Sai dai kuma kayan suna da tsada, suna saurin lalacewa idan babu kula, kuma suna iya jefa ran wanda ya sanya su cikin haɗari. Saboda haka ya dace shugabannin makarantu da ma'ajin ƙungiyoyi su san abin da za su duba kafin su sa hannu a takardar biyan kuɗi.

Asalin al'adar

Shigar dabba tsohon abu ne a ƙasar Hausa, domin maharba sun daɗe suna ɗaura kan burtu su kusanci namun daji, har aka sami karin maganar shigar burtu. Amma mayar da ita hanyar talla da neman kuɗi ya bunƙasa ne a Turai da Amurka. A gasar cin kofin duniya ta 1966 da aka yi a Ingila aka fara fito da dabbar alama ta gasar, wani zaki mai suna Willie, wanda aka buga hotonsa a kan kayayyakin sayarwa iri-iri. Ƙungiyoyin Chelsea da Aston Villa su ma zaki ne alamarsu. A Afirka, 'yan wasan Kamaru da Senegal da Maroko duk ana yi musu laƙabi da zakuna, kuma zaki mai suna Mola shi ne alamar gasar cin kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙuncinta a farkon 2022. A Nijeriya, Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka, wadda aka kafa a 1960, tana kiran ɗalibanta zakuna, haka kuma ƙungiyar BCC Lions ta Gboko ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1990.

Tarihin ya kuma nuna cewa ana tafka asara a wannan harka. Zakin gasar kofin duniya ta 2006 a Jamus, mai suna Goleo, ya sha suka domin gaggafa ce alamar ƙasar, kuma kamfanin NICI da ya sayi izinin ƙera 'yan tsanarsa ya shiga hannun masu bin bashi a watan Mayu na shekarar, tun kafin a busa usur ɗin farko. Ko da yake akwai wasu dalilan da suka durƙusar da kamfanin, darasin shi ne alamar da jama'a ba su ɗauke ta tasu ba takan yi wuyar sayarwa. Makarantar da bajenta ke ɗauke da doki ko gaggafa ba ta da dalilin sayen zaki don kawai maƙwabciyarta ta saya.

Abin dubawa wajen saye

Kai shi ne sashe mafi tsada kuma mafi muhimmanci. Akan ƙera shi da soso mai tauri, ko roba mai ƙarfi, ko kuma zaren gilashi. Na soso ya fi sauƙin nauyi da araha, amma yana shan gumi kuma yana lotsewa. Na zaren gilashi yana riƙe siffarsa shekara da shekaru, amma yana da nauyi a wuya, kuma yakan tsage idan ya faɗi. Kowanne aka zaɓa, wajibi ne a sami hular kwano a ciki mai maɗaurin haɓa, domin kan ya riƙa juyawa tare da wuyan mai sanye da shi. Akan bar kafar gani a baki ko a idanun zakin, a rufe ta da raga. Mai saye ya sanya kan da kansa, ya duba ko yana ganin ƙasa a gabansa, domin ƙananan yara ne suka fi rugowa wurin zakin, kuma su ne aka fi takawa.

Na biyu shi ne iska. Kai mai inganci yana da ƙaramar fanka mai aiki da batir wadda ke fitar da iska mai zafi ta sama, tare da kafofin shan iska a kunnuwa ko a hanci. Kan da ba shi da wannan bai dace da yanayin Nijeriya ba, ko da an zubar da farashinsa.

Na uku shi ne gashi da ɗinki. Gashin jiki da na geza na roba ne. A ja shi da yatsu a hankali. Idan ya biyo hannu, to ba zai yi ƙarko ba. A duba ɗinkin hamata da tsakanin cinyoyi da gindin wutsiya, inda ya kamata a ga layi biyu na zare. Wutsiya ita ce abin da yara suka fi ja, don haka wadda ake cirewa a mayar ta fi wadda aka ɗinke. Tafin ƙafar zakin ya kasance na roba mai kauri wanda ba ya santsi. Masu ƙera kayan sukan yi su ne bisa tsawon mutum, saboda haka a auna waɗanda za su riƙa sanyawa kafin a ba da oda.

Akwai kuma batun doka. Siffar zakin wani kamfanin fina-finai ko ta wata ƙungiyar ƙwallo ta waje mallakar masu ita ce, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 da dokar alamun kasuwanci suna ba su kariya. Makarantar da ke son buga zakinta a riguna da huluna ta sayar, gara ta sa a zana mata nata, ta kuma rubuta a yarjejeniya cewa zanen mallakarta ne.

Na gida ko na waje

Ana shigo da wasu kayan da ake gani a kasuwa daga Sin. Mai yin oda daga waje ya lissafa kuɗin dako da harajin kwastan da canjin kuɗi, musamman ganin yadda darajar naira ta faɗi bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023. Kayan da aka ɗinka a gida, a wurare irin su Aba da Legas, suna da fa'idar cewa maɗinkin yana kusa idan ana bukatar gyara, kuma ana iya zuwa gwaji kafin a kammala biya. Ko ta wace hanya aka bi, a nemi ragowar gashi da safar hannu ta biyu, domin hannu da ƙafa su ne ke fara mutuwa.

Hanyar gane tsada ko araha ita ce raba kuɗin da yawan fitowar da kayan za su yi. A ƙaddara an saya a kan naira 300,000, ana fito da su sau 10 a shekara. Idan suka yi shekara 5, kowace fitowa ta tashi a kan naira 6,000. Idan funfuna ta cinye su a damina ta farko, fitowar ta tashi a kan naira 30,000. Makarantar da sau ɗaya kawai take bukatarsu a shekara, ranar gasar gidaje, haya ta fi mata riba.

Lafiyar mai sanyawa

Cikin kayan ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. A watannin Maris da Afrilu zafin rana kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, a kudu kuma laima kan hana gumi bushewa. Idan zafin jikin mutum ya kai digiri 40, yana iya suma, har ma ya rasa ransa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a wuce minti 20 zuwa 30 a ciki ba tare da hutu ba, a rage lokacin idan rana ta take. Mai sanyawa ya sha ruwa kafin ya shiga da bayan ya fito, ya sa 'yar riga da wando marasa nauyi a ciki, da ƙyallen da ke tare gumi a ka. Dole a haɗa shi da ɗan rakiya wanda zai riƙa yi masa jagora, ya kare shi daga turereniya, kuma su shirya wata alamar hannu da ke nufin a fitar da shi nan take. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa alamu ne na a cire kan, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwan sanyi, a nemi likita. Bai dace a ɗora wa ƙaramin ɗalibi, ko mai asma, ko mai azumi wannan aiki da rana ba. Haka kuma a nisanta kayan daga wuta da tartsatsin wasan wuta, domin gashin roba yana narkewa ya manne a fata.

Wanki da ajiya

Da zarar an tashi daga taro, a juya rigar ciki waje, a rataye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa har ta bushe sarai. Ana wanke riga da safar hannu da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba tare da bilic ba. Ba a goge su da dutsen guga, ba a kuma sa su a injin busarwa, domin zafi yana ƙanƙance gashin kuma ba ya komawa yadda yake. Kai kuwa ba a tsoma shi a ruwa. Akan cire batirin fanka, a goge cikinsa da tsumma mai ɗan danshi, a fesa sifirit da aka sirka da ruwa domin kashe ƙwayoyin cuta da wari, sannan a bar shi a buɗe ya sha iska. Wannan ya zama tilas idan mutane da yawa ke karɓa-karɓa da shi, saboda cututtukan fata irin su makero. Geza kuma a taje ta da buroshi, a faro daga bakin gashi zuwa gindinsa.

Wajen ajiya, a ɗora kan a bisa wani matashi ko sanda mai faɗi, kada a kifa shi a kan kunnuwa ko hanci, kada kuma a ɗora masa kaya. A rufe shi da jakar yadi maimakon leda, domin leda tana riƙe danshi. A lokacin hunturu ƙura ce abin gudu, da damina kuma funfuna, ɓeraye kuwa suna son soso a kowane lokaci. Rana mai ƙarfi tana kodar da launi, don haka ba a ajiye kayan kusa da taga.

Daga ƙarshe, ya kamata a shigar da kayan cikin littafin kadarorin makaranta, a naɗa malami ɗaya da zai riƙa lura da fitarsu da dawowarsu, a kuma ware ɗan kaso a kasafin kuɗin wasanni na kowace shekara domin wanki, batir da ɗinki. Yagar da aka ɗinke a makon da ta faru ba ta cin fiye da zare da allura, wadda aka bari har zangon karatu na gaba kuwa takan kai ga sayen sabuwar riga.