Rawar Ɗalibin Harshe Wajen Sa Ido Kan Ƙin Jinin Musulmi

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce magana zarar bunu ce. Wannan 'yar maƙala za ta duba yadda ake bibiyar ƙin jinin Musulmi da tallafa wa waɗanda abin ya shafa, tare da nuna inda ɗalibin harshe zai shigo.

Mene Ne Sa Ido?

Sa ido shi ne rubuta abin da ya faru a tsare: ina, yaushe, wa aka yi wa, kuma da waɗanne kalmomi. A Ingila an kafa Tell MAMA a shekarar 2012 domin karɓar koken Musulmin da aka ci wa zarafi, da haɗa su da 'yan sanda da masu ba da shawara. A shekarar 2022 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 15 ga Maris don yaƙi da ƙyamar Musulunci, wato ranar da aka kai hari masallatai biyu a Kiraiscoc ta ƙasar Niyuzilan a 2019, inda mutum 51 suka rasu. A nan gida, cibiyar CITAD ta Kano ta yi fice wajen bibiyar kalaman ƙiyayya a intanet.

Inda Harshe Ya Shigo

Mu ɗauki kalmar "aboki". A kasuwar Rijau, cikin masarautar Kwantagora, inda Bahaushe da Badukke da Bakambare da Bafulatani ke cuɗanya, kalma ce ta zumunci. Amma idan ɗan Rijau ya tafi ci-rani Kudu, zai iya jin wasu sun jefe shi da ita da nufin raini. Kalma ɗaya, ma'ana biyu. Muhallin magana da karin murya ne ke bambanta su, kuma wannan fagen masu nazarin ma'ana ne, domin na'ura ba ta cika rarrabewa ba.

Haɗarin kuwa shi ne laƙabi ya rikiɗe ya zama hukunci. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, bayan an zarge su da garkuwa da mutane.

Tallafa wa Wanda Aka Zalunta

Alƙaluma kaɗai ba sa share hawaye. Wanda aka zalunta na bukatar a saurare shi da harshensa, a rubuta bayaninsa ba ragi ba ƙari, a fassara shi daidai a gaban hukuma, a kuma sakaya sunansa. Tafinta marar ƙwarewa na iya kashe shari'a da kalma guda.

Kammalawa

Saboda haka, ya kamata ɗalibi ya riƙa tattara irin waɗannan kalmomi tare da muhallinsu. Sai dai ma'aunin ɗaya ne: kalmar da muke jifan maƙwabcinmu Kirista ko mai addinin gargajiya da ita, ita ma ta shiga kundi. In ba haka ba, an yi tufka da warwara.