Yadda Ake Sake Fentin Jigon Alminiyam na Jirgin Ruwa Mai Filafilai

Jirgin ruwan da iska ke turawa, ƙarfinsa yana jikin jigonsa ne, wato dogon sandan nan da ake ɗaura wa filafilai. A yau galibin jiragen shaƙatawa da alminiyam ake yi musu jigo, don ga ƙarfi ga rashin nauyi. Sai dai gishirin teku ba ya raga masa. Da zarar fenti ya fara yin bororo a gefen ƙusoshi, ka kankare ka ga farin gari a ƙasa, to ciwo ya riga ya shiga. Shafa sabon fenti a kai ɓata kuɗi ne.

Da farko a sauke jigon da injin ɗaga kaya, a kwantar da shi a kan bencina uku ko huɗu da aka naɗe da tsumma, don kada tsakiyarsa ta lanƙwashe. Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a ɗauki hoton komai da waya, a rubuta wa kowace igiyar ƙarfe sunan gurbinta. Sannan a cire duk abin da zai ciru: fitilu, ƙugiyoyi, maɗauran igiya da sandunan gefe. Ribit kuwa da injin huda ake cire kansa. Mutane da yawa kan yi ƙyuiya a nan, su zagaye kayan da salatif su wuce. Ban yarda da wannan ba, domin a ƙarƙashin kayan ne ɓarnar take. Yawancinsu na ƙarfe marar tsatsa ne, kuma idan shi da alminiyam suka haɗu, ruwan gishiri ya shiga tsakani, wata 'yar wutar lantarki ce ke gudana, alminiyam ɗin ne kuma ke cinyewa.

Sai cire tsohon fenti. Samfefa mai lamba 80 ake farawa da ita, a bi da 120 ko 180. Duk inda aka ga ɗan rami, a bi shi har sai farin garin ya ƙare, ƙarfe ya fito tas. Abu biyu ne ba a kusantar da su ga jigon. Na farko burushin waya ko soson ƙarfe, don ɓurɓushinsu kan maƙale a jiki ya haifar da sabon ciwo. Na biyu maganin cire fenti mai ɗauke da sodar nan ta yin sabulu, domin narkar da alminiyam take yi. Idan an ga tsagewa kusa da inda igiyoyin ƙarfe ke kamawa, a dakatar da aiki a kira masanin jigo, wannan ya wuce batun fenti.

Daga nan ne aikin ke buƙatar natsuwa da sauri a lokaci guda. Alminiyam yana da wani hali: da iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani. Fatar nan ita ke kare shi, ita ce kuma ke hana fenti kamawa. Saboda haka a goge maiƙo da asiton, tsumma ɗaya na shafawa, ɗaya na kwashewa tun bai bushe ba. A wanke da ruwan asid na musamman da ake yi don alminiyam, irin su Alumiprep 33, a ɗauraye sosai. Ga gwajin da masu aikin ke yi: a zuba ruwa a jikin jigon. In ya kwanta ya bazu bai-ɗaya, an yi tsabta. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo kamar a kan farantin da aka ci nama, akwai sauran maiƙo, a sake. Bayan haka a shafa Alodine 1201, wanda ke mayar da ƙarfen launin ruwan zinariya mai haske, a ɗauraye, a bari ya bushe. Alodine ɗin guba ne mai haddasa ciwon daji, don haka safar hannu da tabarau dole ne, ruwan ɗaurayar kuma a tare shi, kada ya gangara teku.

A ranar nan dai, ba gobe ba, za a shafa fentin ƙasa na efoksi, mai haɗin gwangwani biyu. Wanda ya bar ƙarfen ya kwana tsirara ya koma baya. Daga wannan lokaci ba a taɓa jigon da hannu sai da safa, gumin yatsa kaɗai ya isa ya ɓamɓare fenti nan gaba. Shafi biyu ko uku, a bi tazarar da ke rubuce a jikin gwangwani, sannan a lallashe shi da samfefa mai lamba 320.

Fentin sama shi ma mai haɗin biyu ne, irin su Awlgrip. Mutum biyu suka fi dacewa: ɗaya ya shimfiɗa da ƙaramar rola, ɗaya ya bi bayansa nan take da bakin burushi mai laushi yana kwantar da kumfa. Siririn shafi sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda zai zuba ya bar zirara. A yi da hantsi bayan raɓa ta tashi, don in raɓar dare ta sauka a kan ɗanyen fenti ƙyallinsa ya mutu. Feshi kuwa a bar wa masu na'urar shaƙar iska, hayaƙinsa yana illata huhu. A kula kada fenti ya taru a cikin kwararon da filafili ke hawa.

A ba shi kamar mako guda ya yi tauri kafin a mayar da kaya. Kowane noti da kowane ribit a shafe shi da man raba ƙarafa, Tef-Gel ko Duralac, a kuma sa siririn leda ko roba a ƙarƙashin faffaɗan kaya. Tun jigon yana kwance a gwada fitilu da wayoyinsu, a duba igiyoyin ƙarfe ko wani sili ya tsinke, sannan a kira mai injin ɗagawa.