Haƙƙin Mai Saye Idan Na'urar Intanet Ta Daina Aiki

Na'urar intanet ita ce ɗan akwatin da kamfanin waya ke sayarwa tare da layi, ko dai ƙaramar nan ta aljihu da ake kira MiFi, ko kuwa rawuta da ake girkawa a shago ko gida. A Yankara, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da sauran garuruwan Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, masu POS da masu shagon kwamfuta da ɗalibai da ita suke neman abinci da ilimi. In ta tsaya, ciniki ya tsaya, kwanakin data kuma suna ƙarewa.

Abu na farko shi ne a gane inda ciwon yake, domin ba kowane ɗaukewar sabis ne laifin na'ura ba. A watan Satumba na 2021 an rufe hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A lokacin na'urori lafiyarsu ƙalau, sabis ne babu. Gwajin kuwa mai sauƙi ne. Sai a cire layin a sa a wayar hannu. In intanet ya kawo a waya amma fitilar na'ura ta tsaya a ja, ko ta ƙi kamawa bayan ta sha caji, to aibin a jikinta yake.

Mayar da kaya saboda aibi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya karanta babin ciniki a littafin Risala ya san mai saye yana da zaɓi in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Dokar ƙasa ma haka ta tanada. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta kaya su zama masu inganci, su kuma yi aikin da aka saye su dominsa. In suka gaza cikin wata uku da karɓa, mai saye na iya mayar da su ba tare da tara ba, mai sayarwa kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya maido da kuɗi. Rubutun da ake yi a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa bai soke wannan haƙƙi ba. Bayan wata uku, sai a duba wa'adin garantin da aka rubuta a takardar na'urar.

Haƙƙi yana tafiya da hujja. Ya kamata a adana rasit da kwalin na'ura, domin a jikin kwalin ne lambar IMEI take, wadda ke bambanta ta da kowace na'ura. Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa wurin mai gyaran waya. Da zarar ya kwance noti ya ɓalle hatimi, kamfani na iya zare hannunsa. Haka nan in ruwa ya shiga, ko ta faɗi ta fashe, ko cajar da ba tata ba ta ƙona ta, asarar ta mai ita ce.

Kai kuka yana da matakai. A fara da wanda ya sayar. Sa'annan a kira kamfanin a lamba 300, ko a je ofishinsa, a nemi lambar ƙorafi, a rubuta ta tare da kwanan wata. A cikin ƙorafin a ambaci datar da ta ƙone a kwanakin da na'ura take kwance. In kamfani ya yi shiru ko amsarsa ba ta gamsar ba, sai a kira Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a lamba 622, kyauta ne. Dokar sadarwa ta 2003 ce ta ɗora mata kare masu amfani da layukan waya, kuma hukumar za ta nemi wannan lambar ƙorafi. Batun ingancin kayan kansa ana iya kai shi FCCPC, daga nan kuma ƙofar kotu a buɗe take.