Kuɗin Susu da Kuɗin Tsufa



Innata tana sayar da waakye a Nima. Kullum da yamma takan ba mai susu sidi 20. In kati ya cika kwana 31, sai ya riƙe na kwana ɗaya ladansa, ya miƙo mata sidi 600. Ni ke yi mata lissafi, shi ya sa na san kuɗin nan ba ya kwana uku: haya, makaranta, sai maganin Kaka.

Kaka tela ne, shekara 40 yana taka keke. Yanzu ido ya ƙi, ga shi ba fansho.

Da yawanmu mun ɗauka SSNIT na masu albashi ne kawai. A'a, mai sana'ar kansa ma yana iya rajista. Wanda ya zuba na wata 180, wato shekara 15, in ya kai 60 zai riƙa karɓar fansho duk wata. Sai dai ba a ɗaukar sabon shiga da ya haura 45.

Inna tana da 41. Da na gaya mata, ta ce, "Bari in tambayi Malam hukuncinsa tukuna." Ran Asabar za mu je tare.