Amsar Tambaya: Ɗana Na Gauraya Harsuna Uku

Hajiya, kin ce ɗanki Dandanci yake yi a gida, Hausa a kasuwar Gaya, Faransanci a aji, har maƙwabta na cewa ki daina yi masa Dandanci kada kansa ya rikice. Kada ki daina. Turawa ma sun daɗe da wannan tsoro, sai a 1962 masana Elizabeth Peal da Wallace Lambert suka gwada yaran makaranta a Montreal ta Kanada, masu harshe biyu suka zarce masu ɗaya a yawancin gwajin basira. Daga baya masani Jim Cummins ya yi bayanin cewa abin da yaro ya gane da harshen uwa, kamar lissafi da tsara labari, yana binsa zuwa sabon harshe. Kan irin wannan tunani Nijar ta fara gwada makarantar harshe biyu a Damagaram a 1973.

Za a ce ai ga shi yana cusa Hausa cikin Faransanci. Masana harshe sun lura gaurayen yana bin ƙa'idar nahawu, kuma haka manyan 'yan kasuwa ke yi tsakanin garuruwan Gaya, Malanbil da Kamba, amma ba wanda ya ce sun rikice. Gaskiya ne kalmominsa na Faransanci za su yi ƙaranci da farko, domin a aji kaɗai yake jin sa. Maganin wannan shi ne ƙarin littafi da rediyo na Faransanci. In kuwa a duka harsunan ukun maganarsa ke jinkiri, ki kai shi asibiti a duba kunnensa.