Me Takardar Hoton Gwiwa Take Faɗi?

Duk mai zuwa filin wasa da yamma ya san yadda abin yake faruwa. Mutum yana gudu da ƙwallo, ya dasa ƙafa zai juya, sai a ji ƙas, ya faɗi riƙe da gwiwa. Kafin dare gwiwar ta kumbura suntum. A kai shi asibiti, a ɗauki hoto, a miƙo masa takarda cike da Turancin likitoci. Wannan takarda nake so mu duba, domin wani takan firgita shi a banza, wani kuwa takan kwantar masa da hankali alhali ciwo yana nan.

Da farko sai mu warware wani rikici na harshenmu. Mu Hausawa jijiya muke ce wa hanyar jini, jijiya muke ce wa mai kai saƙo ƙwaƙwalwa. Wadda muke magana a kanta dabam ce, wato igiya mai tauri da take ɗaure ƙashi da ƙashi. Manya guda huɗu ne suke riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Biyu suna gefe: ta gefen ciki, wadda ake rubutawa MCL, da ta gefen waje, LCL. Biyu kuma suna can tsakiyar gwiwa, sun gitta juna: ta gaba ita ce ACL, ta baya PCL. Aikin ta gaba shi ne hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, da riƙe gwiwa sa'ad da mutum zai juya. Ban da su akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata a tsakanin ƙasusuwan, suna aiki kamar gammo tsakanin kai da tulu.

To, wane irin hoto aka ɗauka? Hoton ƙashi da muka saba da shi, wani Bajamushe ne mai suna Rontgen ya gano haskensa a 1895. Ƙashi yake nunawa sosai, jijiya kuwa ba ta fitowa a ciki. Saboda haka in an ce hoton ƙashi lafiya lau yake, ma'anarsa ba a ga karaya ba, shi ke nan. Ana iya samun wanda jijiyarsa ta tsinke gaba ɗaya, hoton ƙashinsa kuwa tsaf. A nan ne mutane suke yaudarar kansu, su ce ai targaɗe ne kawai, a kai wa mai ɗori ya ja. Wani lokaci dai hoton ƙashi yakan tona asiri. Akan ga ɗan ɓalli ya ɓantare a gefen waje na kan ƙashin ƙwauri, abin da wani likitan Faransa, Paul Segond, ya bayyana tun 1879. Ƙanƙane ne, amma galibi alama ce ta tsinkewar ACL.

Hoton da yake nuna jijiya shi ne na maganaɗisu, wato MRI. Paul Lauterbur na Amurka ya nuna hanyar yinsa a 1973, kuma shi da Peter Mansfield na Ingila aka ba lambar Nobel a 2003. Na'urar tana amfani da babban maganaɗisu da igiyar rediyo, tana bin ruwan da yake cikin jiki. Mutum yakan kwanta kamar rabin sa'a ba motsi, sai ƙara kamar ana buga gwangwani, kuma dole ya cire duk wani ƙarfe. Ba kowane asibiti yake da ita ba, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne.

A wannan hoto, jijiya mai lafiya takan fito baƙa, miƙaƙƙiya, daga wannan ƙashi zuwa wancan. Inda ta ji ciwo ruwa da jini sukan taru, sai wurin ya yi haske. Da haka ake raba ciwon daraja uku. Daraja ta 1, jijiya ta miƙe fiye da kima amma tana riƙe. Ta 2, wasu zaruruwa sun tsinke, wasu suna nan, kamar igiyar guga da ta fara cinyewa. Ta 3, ta rabu biyu. In takarda ta ambaci ruwa a gwiwa, kumburin nan ne da kowa yake gani da ido. In ta ce ƙashi ya ƙuje daga ciki, ba karaya ake nufi ba, gwaruwar ƙasusuwa biyu ce lokacin faɗuwa, kuma yakan warke da kansa ko da ya ɗauki watanni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, daraja ɗaya ba ta nufin hukunci ɗaya. MCL tana wajen mahaɗar gwiwa, jini yana isa gare ta sosai, saboda haka yawanci takan warke ba tiyata, da abin ɗaure gwiwa da motsa jiki na makonni. ACL kuwa tana cikin ruwan mahaɗa tsundum, jinin da zai daskare ya haɗa bakin biyu ba ya samun wurin zama. In ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta koma yadda take. Shi ya sa likitoci ba su cika ɗinke ta ba, sai su yanko jijiya daga ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya su dasa a madadinta. Virgil van Dijk na Liverpool ya ji wannan ciwo a wasansu da Everton cikin Oktoba 2020, aka yi masa aiki, bai sake buga wasa ba sai ƙarshen Yuli 2021. Wata tara ke nan, ga wanda yake da likitoci da masu gashi a kansa kullum. Balle ni da kai.

Duk da haka ba kowane mai tsinkakkiyar ACL ake yi wa tiyata ba. Likita yakan kama ƙwauri da hannu ya ja shi gaba, ya ji ko akwai abin da ya tare shi. Zai tambaya ko gwiwa tana sulluɓewa in ana tafiya, da irin aikin da mutum yake yi. Malamin da yake tafiya daga gida zuwa aji, in ya ƙarfafa naman cinyarsa, yana iya zama lafiya ba aiki. Ɗan wasan da kullum juyi yake yi da tsalle, nasa lissafin dabam ne, don duk sulluɓewa ɗaya tana iya yaga guringuntsi. Kuma hoto yakan nuna abin da ba shi ne ciwon ba. Dattawa da yawa, in aka ɗauke su, za a ga guringuntsinsu ya zaizaye alhali ba abin da yake damunsu. A ganina, wanda ya karanta takarda shi kaɗai a ɗakin kwana ya yanke wa kansa hukunci ya yi gaggawa. A kai ta wurin likitan ƙashi tare da faifan hoton, ya haɗa da abin da hannunsa ya ji.

Akwai abin da ba a jiran takarda a kansa. In gwiwa ta maƙale ta ƙi miƙewa, mai yiwuwa yagaggen guringuntsi ne ya shiga tsakanin ƙasusuwa, kada a bari wani ya ja ta da ƙarfi. In kuwa ƙafa ta yi sanyi, ko ta dushe, ko mutum ya kasa ɗaga yatsunsa sama, to, a sanar da malamin gida nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.